Shin bamfayar Turawa da mayen Hausa abu ɗaya ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar sakandare ce a Tudun Wada, Kaduna. Ɗalibaina suna yawan kallon fina-finan Turawa na matattun da ke tashi daga kabari su sha jinin mutane, waɗanda ake kira bamfaya. Da na ba mahaifiyata labari sai ta ce ai mayu ne, suna kawai aka sauya musu. Shin gaskiyarta ne? In kuma masu fim ne suka ƙirƙiro abin, me ya sa nake jin cewa har a Sin da Gana akwai irin wannan labari? Ina son amsar da zan iya yi wa yara bayani da ita."

Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kike son sani, in na fahimce ki, shi ne ko mai shan jinin nan na fim yana da asali a al'adun mutane, ko shi ne mayen da muka sani, da kuma dalilin da ya sa al'ummomin da ba su taɓa haɗuwa ba suka yi tarayya a tsoro iri ɗaya. Hajiya ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin aikin da bamfaya yake yi a tunanin Bature na da shi ne aikin da maye yake yi a tunanin Bahaushe: ba da amsa a kan mutuwar da ta shigo gida ta ɗauki mutum bayan mutum ba tare da an ga sanadinta ba. Sai dai sun rabu a wuri guda, kuma a ganina wannan wurin ya fi duk kamanninsu muhimmanci. Bamfayar Turai matacce ne, yana kwance a kabari. Maye kuwa rayayye ne, maƙwabci ne, ana gaisawa da shi da safe.

Abin da ya faru a ƙauyukan Sabiya

Masu fim ba su ƙirƙiri abin ba, sun tarar da shi ne suka yi masa kwalliya. Mutumin nan mai baƙar alkyabba da gidan sarauta a kan dutse ya fito ne daga littafin Dracula na Bram Stoker wanda aka buga a 1897, kuma ra'ayin cewa hasken rana yana hallaka shi ya yaɗu ne daga wani fim na Jamus na 1922. Bamfayar ƙauye ba basarake ba ne. Talaka ne manomi, kumburarre, jajaye, sanye da likkafaninsa, kuma danginsa yake fara bi kafin kowa.

Labarin ya shiga takardun hukuma ne bayan yarjejeniyar 1718, wadda ta sa arewacin Sabiya ya fita daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya koma hannun Ostiriya. Jami'an sabuwar gwamnati sun tarar da wata al'ada da ba su saba gani ba, suka riƙa rubuta rahoto zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya. A 1725, a ƙauyen Kisiljevo, wani manomi mai suna Petar Blagojević ya rasu. Cikin kwana takwas mutum tara suka bi shi bayan gajeriyar jinya, kuma an ce kafin su cika sun faɗa cewa mamacin yana zuwa musu da dare yana danne su yana shaƙe su. Matarsa ma ta ce ya zo mata yana neman takalmansa, ta tattara ta bar garin. Mutanen ƙauyen suka je wurin jami'in gwamnati, wani mai suna Frombald, suka ce ko ya zo ya shaida tonon kabarin ko su watse su bar ƙauyen. Ya zo tare da limamin coci. Abin da ya rubuta shi ne gawar ba ta ruɓe ba, gashi da gemu sun ƙaru, tsohuwar fata ta saɓule sabuwa ta bayyana, akwai kuma jini a bakinta. Suka fiƙe itace suka soke ta a ƙirji, jini ya fito ta baki da kunnuwa, sannan suka ƙone ta ƙurmus.

Na biyu ya fi wannan yin amo. Wani tsohon soja, Arnold Paole, ya faɗo daga amalanken ciyawa ya karye a wuya a ƙauyen Medveđa. Tun yana raye ya sha ba da labarin cewa wani mai shan jini ya taɓa damunsa, har ya ci ƙasar kabarin mai shan jinin ya shafa jininsa a jiki don kariya. Da mutane suka fara mutuwa bayansa, sai aka tono shi bayan kwana arba'in aka yi masa abin da aka yi wa na farko. A 1731 mutuwa ta dawo ƙauyen, mutum goma sha bakwai cikin wata uku, gwamnati ta tura likitocin soja ƙarƙashin Johann Flückinger, suka tono gawawwaki suka yanka suka duba, suka sa hannu a rahoto a Janairun 1732. Wannan rahoton ne ya bazu a jaridun Turai, kuma a shekarar ce kalmar ta shiga bakin mutanen Ingila. Malaman jami'a da na coci suka yi ta muhawara, har wani malamin addini Bafaranshe, Augustin Calmet, ya tattara labaran a littafi a 1746. Abin bai lafa ba sai da Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya ta sa likitanta Gerard van Swieten ya yi bincike a 1755, ya ce jahilci da tsoro ne, ta kafa dokar hana tono gawa da soke ta.

Doka ba ta kashe imanin ba. A farkon 2004, a wani ƙauye na kudancin Romaniya, wasu mutum shida sun tono gawar ɗan'uwansu, suka cire zuciyar suka ƙone, suka jiƙa tokar suka ba wata mara lafiya ta sha, kotu ta hukunta su. Masu tonon tarihi kuma suna ta gano shaidar tsoron a ƙarƙashin ƙasa: ƙasusuwan da aka soke da ƙarfe a ƙirji a Sozopol ta Bulgeriya a 2012, wata mata ta ƙarni na 17 a Folan da aka gitta mata lauje a wuya aka sa mata kwaɗo a yatsan ƙafa, wadda aka gano a 2022, da kuma ƙoƙon kan wata mata da aka cusa wa tubali a baki a maƙabartar waɗanda annoba ta kashe a wani tsibiri na birnin Benis a Italiya.

Abin da idonsu ya gani a kabari

A nan nake son ki tsaya da ɗalibanki, domin mutanen nan ba ƙarya suka yi ba. Abin da suka ce sun gani, sun gan shi. Fassarar ce ta kauce.

Gawa idan ta fara ruɓewa, ƙwayoyin cutar da ke cikin hanji suna fitar da iska, ciki da fuska su kumbura, har mutumin da ya mutu a rame ya zama kamar ya ƙoshi. Wannan iskar ce take tura wani ruwa mai duhu haɗe da jini ya fito ta baki da hanci, wanda ya gani kuwa sai ya ce ga shaidar abin da ya sha daren jiya. Fata tana bushewa ta ja baya, sai farata da gemu su yi kamar sun tsiro, dasashi ya janye haƙora su yi kamar sun yi tsawo. Fatar sama tana saɓulewa ta bar ta ƙasa mai laushi, wato "sabuwar fatar" da Frombald ya rubuta. In aka soki ƙirjin da ya cika da iska, iskar za ta bi ta maƙogwaro ta fita da ƙara mai kama da nishi, kuma an rubuta cewa gawar Paole ta yi wannan ƙarar. Ruwan da ke fita daga baki yana cinye likkafanin da ya rufe fuska, daga nan Jamusawa suka samu labarin mamacin da ke tauna likkafaninsa yana jawo danginsa ɗaya bayan ɗaya. Sanyi kuma yana jinkirta ruɓewa ƙwarai, ta yadda wanda aka binne a hunturun Turai zai iya yin watanni bai sauya sosai ba.

Wannan ya bayyana gawar. Mutuwar da ta sa aka je aka tono ta kuwa, cuta mai yaɗuwa ce ta fi bayyana ta. Misali mafi bayyana ya faru ne a Amurka, a garin Exeter na jihar Rhode Island. Tarin fuka ya shiga gidan wani manomi ya kashe matarsa da babbar 'yarsa, sannan a Janairun 1892 ya kashe Mercy Brown tana da shekara goma sha tara, ga ɗan'uwanta Edwin yana kwance yana tari. Maƙwabta suka matsa wa uban, a watan Maris aka buɗe gawawwakin uku. Na uwar da yayar sun zama ƙashi, ta Mercy kuwa, wadda ta yi wata biyu cikin tsananin sanyi, tana nan da jini a zuciyarta. Aka ƙone zuciyar da hantar, aka ba Edwin tokar ya sha. Bayan wata biyu shi ma ya rasu. Wannan ya faru ne shekara goma bayan Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882. Ki dubi yadda cutar take: mutum yana ramewa a hankali, yana yin fari, yana tarin jini, yana gumi da dare, yana jin nauyi a ƙirji, kuma wanda ya yi jinyarsa a ɗaki ɗaya shi ne na gaba. Wanda bai san ƙwayar cuta ba, in ya ce wani abu yana tsotse mutanen gidan nan da dare kuma na farkon da ya mutu ne yake jan sauran, bai kauce wa abin da ya gani ba. Zuwan dare da danne ƙirji kuwa, ai Bahaushe ya san dannau.

An kawo wasu cututtukan a matsayin asali. Wani likita ɗan Sifen ya danganta abin da ciwon haukan kare a 1998, saboda cizo da rashin barci da gudun haske, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Zancen wata cutar jini ta gado mai sa fata ta ƙi rana, wanda aka yayata a 1985, bai karɓu wurin masu bincike ba, ni ma ban ga ya dace da abin da mutanen ƙauye suka bayyana ba. Jemage kuma daga baya aka jingina shi. Jemagu masu shan jini iri uku ne kacal a duniya, dukkansu a Meziko da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu suke, kuma su aka raɗa wa sunan bamfaya, ba daga gare su labarin ya fito ba. Waɗanda ke rataye a itatuwan Kaduna 'ya'yan itace da ƙwari suke ci.

Sauran duniya

In aka bar Turai, za a ga ba kowane "mai shan jini" ne yake shan jini ba, ba kowanne ne kuma matacce ba. Na Sin, wanda suke kira jiangshi, gawa ce sandararriya mai tsalle da hannuwa a miƙe, kuma numfashin rai take zuƙa. Ana tsayar da ita da laya ta takarda rawaya a goshi ko da shinkafa mai danƙo. Ana danganta labarin da al'adar yammacin lardin Hunan ta mayar da gawar wanda ya mutu a baƙon wuri zuwa garinsu da dare, a ɗaure a jikin gora a kafaɗar mutum biyu, wanda daga nesa sai a ga kamar matattu ne ke tsalle a jere. Girkawa suna da vrykolakas, mamacin da ƙasa ta ƙi ci saboda zunubi ko korar coci. Indiyawa suna da vetala, aljanin da ke shiga gawa ya rataya a bishiya kai ƙasa.

Akwai wani rukuni da ya fi taɓa ni, domin duk inda aka je sai an same shi a bakin ɗakin haihuwa. Mutanen Mesofotamiya, wato Iraƙi ta da, suna tsoron Lamashtu mai sace jarirai, mata masu ciki suna rataya laya dominta. Girkawan da suna da Lamia, Yahudawa suna da Lilith, Larabawa suna da Ummu Sibyan wadda sunanta ya iso har ƙasar Hausa. A Malesiya da Indunusiya akwai pontianak, matar da ta mutu wurin haihuwa ta dawo, akwai kuma penanggalan, kan mace mai tashi sama da kayan ciki a rataye, mai neman jinin mai jego, shi ya sa ake zagaye taga da ganye mai ƙaya. Manananggal ta Filifin tana rabuwa gida biyu, saman ya tashi ya je ya tsotse ɗan tayi ta rufin ɗaki, maganinta kuwa a nemo ƙasan jikin a zuba masa gishiri da toka da tafarnuwa. Churel ta Indiya ita ma matar da ta mutu da ciki ce ko a jego. Ba sai an yi dogon tunani ba: ɓari, zubar jini bayan haihuwa, da jaririn da aka kwanta da shi lafiya aka wayi gari babu rai, su ne mutuwar da ta fi yawa kuma ta fi ciwo a duniyar da babu asibiti. A jihar Tlaxcala ta Meziko, inda ake ɗora mutuwar jarirai a kan mayya mai suna tlahuelpuchi, masu bincike sun lura cewa da yawa daga jariran shaƙewa suka yi cikin barci a daren sanyi, kuma labarin mayyar yana ɗauke wa uwa nauyin zargi.

Na Gana da kika ji gaskiya ne. Ashanti suna da obayifo, rayayyen mutum da ke fita daga jikinsa da dare yana haske ya tsotse yara da amfanin gona, da asasabonsam mai haƙoran ƙarfe da ke zaune a kan bishiya cikin kurmi. Ewe na Gana da Togo suna da adze, wanda ke rikiɗa ya zama ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya shiga ta kafar ƙofa ya sha jinin yara. Ƙwaro mai shigowa da dare ya sha jinin yaro, yaron ya kwanta da zazzaɓi: kin ga inda hankali zai tafi. Wannan siffa ta rayayyen mai shan jini ta ƙetare teku tare da bayin da aka kwasa, ta cakuɗu da ta Faransawa, ta zama soucouyant a Tirinidad da Ol' Higue a Guyana, tsohuwar da ke tuɓe fatarta ta zama dunƙulen wuta. Ana kama ta ne da zuba shinkafa a bakin ƙofa, domin dole ta tsaya ƙirgawa har gari ya waye. Abin mamaki, manoman gabashin Turai ma suna watsa gero ko wasu ƙananan iri a kabari saboda wannan dalilin.

Sai kuma na zamani, wanda ba aljani ba ne ba kuma mamaci ba, ma'aikaci ne. A zamanin mulkin mallaka, daga Kenya da Tanganyika zuwa Zambiya ta yau, an yi ta raɗe-raɗin cewa 'yan kwana-kwana da ma'aikatan lafiya da masu awon ƙasa suna kama mutane su zuƙe musu jini su kai wa Turawa. Ana kiransu mumiani ko wazimamoto ko banyama. A tsaunukan Peru akwai pishtaco, baƙo farar fata mai kwashe kitsen mutane. A 2017 irin wannan jita-jita ta tashi a kudancin Malawi, aka kashe mutane da dama bisa zargi, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye ma'aikatanta daga wasu gundumomi. Mutanen da ake kwashe ƙarfinsu da dukiyarsu ba tare da an yi musu bayani ba, da jini suka siffanta abin da ake ɗauke musu. "'Yan shan jini" da ake ambata a garuruwanmu duk lokacin da hatsarin mota ya yi yawa ko zaɓe ya matso, 'yan wannan gidan ne.

Namu na gida

Aikina ya sa na zauna da tsofaffi da dama a ƙauyukan ƙasar Zazzau ina naɗar abin da suka sani na al'ada, kuma bayaninsu a kan maita kusan ɗaya ne. Maye yana da ƙanƙara a cikinsa, ko ya sha ta a nono ko ya saya. Abin da yake kamawa kurwa ce, yana ganinta a siffar wata 'yar dabba ko tsuntsu, ya kama ya ɓoye a ƙarƙashin dutse ko kogon bishiya ko bakin kududdufi. Mai kurwar sai ya kwanta, ya rame, in ba a sake ta ba ya mutu, a ce maye ya cinye shi. Akwai wanda kurwarsa ke da ɗaci, ba ta ciwuwa. Yaro in ya haɗu da wanda ake zargi zai ce a ransa "kurwata kur", kuma a da akwai sarautar Sarkin Mayu a garuruwa da yawa, wanda ake kai wa ƙara in abin ya taso. Shan jini na zahiri an fi jingina shi ga iskoki, musamman Inna, wadda aka yarda tana tsotse ƙafar yaro har ta shanye. Yau mun san ƙwayar cutar da ke yin wannan, wato ta foliyo, an yaƙe ta da rigakafi, har aka tabbatar a 2020 cewa nau'inta na daji ya ƙare a Afirka, kuma da cutar ta ja baya, zancen Inna a kan ƙafafun yara ma ya ja baya.

Me ya sa mu ba mu da mamacin da ke tashi ya sha jini? Muna da fatalwa, amma tsoratarwa take yi, ba ci ba. Dalilai biyu nake gani. Na farko shi ne yadda muke jana'iza: ana binne mamaci a ranar da ya rasu, babu akwati, a ƙasa mai zafi, kuma ba ma komawa mu buɗe kabari, alhali a Girka da wasu sassan yankin Balkan na kudu maso gabashin Turai al'ada ce a tono ƙasusuwa bayan wasu shekaru, wanda ya ba su damar ganin gawar da ba ta ruɓe ba su firgita. Na biyu shi ne aƙida. Alƙur'ani a Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, ya ambaci wanda ke roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, a bayansu akwai barzahu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya sun yarda cewa wani tsuntsu mai suna hama yana fita daga wanda aka kashe yana kukan a shayar da shi har sai an ɗaukar masa fansa, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore wannan. Ƙofar zargin matattu ta rufe mana, sai zargin ya koma kan rayayyu.

Wannan shi ne abin da ke hana ni dariya idan na karanta labarin mutanen Kisiljevo. Sun wulaƙanta gawa, abin ƙyama ne, amma gawa ba ta jin duka. Na taɓa kasancewa a wani ƙauye lokacin da wata yarinya 'yar kimanin shekara goma sha huɗu ta kwanta da zazzaɓi mai zafi har tana sambatu. An tara mata a ɗaki, an turara mata hayaƙi, ana ta ce mata ta faɗi wanda ya kama ta. Can ta ambaci wata tsohuwa, gwauruwa, wadda ta shigo aron turmi kwana biyu kafin nan. Aka je aka taso ta tana tsakiyar tankaɗe, garin yana hannunta, matasa suna biye da sanduna. Aka ce sai ta tsallaka yarinyar, ta kuskure baki a ba ta ruwan ta sha. Tana kuka tana rantsuwa ta tsallaka, domin in ta ƙi an ce ta tabbata, in ta yi ma an ce ta tabbata. Dagaci ne ya hana a taɓa ta. Washegari aka kai yarinyar asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, ta warke, mutane suka ce ai tsallakawar ce ta yi aiki. Tsohuwar ba ta ƙara wata guda a garin ba, ta koma wurin 'yarta. Hausawa suna cewa in maye ya ci ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa, kuma a nan ƙarfin abin yake: baƙin cikin uwa na gaske ne, yana neman wanda zai kama, wanda ya fi sauƙin kamawa kuwa shi ne marar gata. A Turai ma waɗanda aka fi tonowa su ne baƙo, da mashayi, da wanda ya kashe kansa, da wanda ba a shiri da shi tun yana raye. Wannan zargi bai tsaya ga addini ɗaya ba a jiharmu, ana samunsa a gidajen Musulmi da na Kirista, wani lokaci har ƙananan yara ake ɗora wa.

Fannina al'ada ne da adabin baka. Hukuncin sihiri da kambun baka, waɗanda nassi ya ambata, da ko maita kamar yadda Bahaushe ya siffanta ta tana cikinsu, magana ce ta malaman addini, gare su za ki kai ta. Gane cuta kuma aikin likita ne. Ya kamata ki san cewa mafi yawan abin da duniya ta sani game da Sabiya da Gana da Filifin baƙi ne suka rubuta shi, jami'an mulki da 'yan mishan da matafiya, ta bakin tafinta, kuma sun sha cusa abubuwa mabambanta a ƙarƙashin suna ɗaya saboda sunan da suka zo da shi daga gida ke nan. Don haka duk jerin da kika gani na "masu shan jinin duniya", har da wanda na ba ki, ki riƙe shi da sassauci.

Ga yaran kuwa, ki gaya musu cewa na fim ƙagagge ne, amma tsoron da aka gina shi a kai na gaske ne kuma yana da tarihi. Ki koya musu su riƙa yi wa kowane labari irin wannan tambaya: wa ya mutu, yaya jinyarsa ta kasance, kuma wa aka zarga? Ki gaya musu cewa tarin da ya wuce mako biyu tare da rama da gumin dare gwaji yake bukata, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka tanada, akwai ma babbar cibiya ta ƙasa a Saye kusa da Zariya. Yaron da ke yawan kwanciya yana yin fari, a duba jininsa, ko zazzaɓin sauro ne ko sikila. Su san kuma cewa jifan mutum da maita laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Arewa. In kina son su ɗanɗani aikin da kansu, ki tura su wurin kakanninsu, har da Hajiya in za ta yarda, su rubuto abin da aka sani game da maye da Inna da fatalwa a garuruwansu na asali, sannan ku kwatanta a aji da na Sabiya da na Gana. Sharaɗi ɗaya za ki kafa musu: kada wanda ya rubuta sunan mutum ko gidan da aka taɓa zarga, domin jikokin waɗannan mutane suna nan, wasu ma a ajin naki, kuma har yau ana fasa aure saboda wannan magana.